Mayar da hoto mai kala zuwa baƙi da fari don fuskar kwamfuta: tambayoyin da aka fi yi min

Ina da ɗan shagon buga takardu da gyaran kwamfuta a Samaru, kuma tun da yayin nan na sa hoto baƙi da fari a fuskar laftof ya shigo, da wuya rana ta fito ta faɗi wani bai leƙo da tambaya ba, ɗalibai ne, ma'aikata ne, har da wani dattijo da ya taso takanas daga Tudun Wada da hoton mahaifinsa a ambulan. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda. Sunayen maɓallai na bar su da Turanci yadda za ka gan su a kwamfutarka, don in na fassara sai ka yi ta lalube ba ka gani ba.

Malam wai me ake nufi da baƙi da fari ɗin ne, ba cire kala ba ne kawai?

Iri biyu ne fa, kuma a nan mutane ke fara ɓata. Akwai baƙi da fari zalla, wato kowane ɗigo a hoton ko dai baƙi ƙirin ko fari fat, babu tsakiya, kamar hatimi ko fotokofin da tawada ta yi masa yawa. Akwai kuma na ruwan toka, wanda kwamfuta ke rubuta wa Grayscale, shi matakai 256 gare shi, 0 shi ne baƙi, 255 shi ne fari, duk abin da ke tsakani toka-toka ne daga mai duhu zuwa mai haske. Irin hotunan sutudiyo na iyayenmu da muke ce wa baƙi da fari, a gaskiya wannan na biyun ne, kuma shi kake nema wa fuskar kwamfutarka.

Wace hanya ce mafi sauƙi, ba ni da datar sauke wata manhaja?

Ba ka buƙatar sauke komai. Buɗe hoton da Photos ɗin da ya zo da Windows. In Windows 11 ce, danna Edit image, shiga Adjustment, ka ja sandar Saturation zuwa hagu har ƙarshe. In tsohon Photos ne na Windows 10, Edit & Create ne, sai Edit, sai Adjustments, ka ja Color zuwa hagu. Kalar za ta zube a gabanka. Wajen ajiyewa ka zaɓi wanda ya ce copy, kar ka danna Save kai tsaye, dalilin yana can ƙasa a tambayar dawo da kala. Daga nan ka je kan sabon fayil ɗin, danna maɓallin dama na maus, ka zaɓi Set as desktop background. Shi ke nan.

Masu Mac kuma, Preview, sai Tools, sai Adjust Color, a ja Saturation hagu.

Oga na yi da Paint, fuskata ta koma ɗigo-ɗigo kamar an watsa gawayi, me ya faru?

Ka shiga Properties ka zaɓi Black and white ko? To shi Paint in ya ce haka nufinsa na zalla ɗin nan da na bayyana a tambayar farko, babu toka ko ɗaya, sai ya yanke wa kowane ɗigo hukunci, ko baƙi ko fari. Don tambari ko rubutu ba laifi, amma fuskar mutum ba ta jure wannan. Rufe shi ba tare da sebin ba ka koma Photos. Masu CorelDraw ma su kula, a ƙarƙashin Bitmaps sai Mode, Black and White da Grayscale suna maƙwabtaka, na biyun za ka ɗauka.

Photos ɗina ba ya buɗewa sam, akwai wata dabara?

PowerPoint. Saka hoton a shafi, danna shi, je Picture Format, sai Color, ka zaɓi Saturation 0%, sannan maɓallin dama a kan hoton, Save as Picture. Ba hanyar ƙwararru ba ce amma tana fid da mutum kunya, ni ma na sha yi wa kwastoma haka in ina sauri. Shafukan intanet da ke yin aikin kyauta kuwa, ni dai ba na tura hoton iyalina can, aikin da kwamfutarka za ta yi a sakan biyar me zai kai ka ɗora hoton matarka a kwamfutar wani da ba ka sani ba, ga asarar data.

Ba hoton kaɗai ba, komai na kwamfutar ya koma baƙi da fari, har bidiyo. Sikirin ya mutu ne?

Bai mutu ba, kwantar da hankalinka. Danna maɓallin Windows da Ctrl da C a tare. Wannan wani tsari ne da aka yi don masu matsalar bambance launi, sunansa Color filters, yana cikin Settings, ƙarƙashin Ease of Access a Windows 10, ko Accessibility a Windows 11. In maɓallan ba su yi aiki ba shiga can ka kashe da hannu. Yawanci wajen kwafi ake afkawa, mutum zai danna Ctrl da C sai yatsa ya haɗa da na Windows. Wata ɗaliba ta zo min ido ya yi ja, ana gobe za ta kare furojet, har ta yi cinikin sabon sikirin a Sabon Gari, da na danna maɓallai uku kala ta dawo sai ta tsaya tana kallona kamar na yi tsafi.

Kuma ka sani shi wannan tsarin ba ya taɓa fayil ɗin hotonka, tabarau ne kawai aka sa wa sikirin, don haka ba hanyar yin hoton fuskar kwamfuta ba ce.

Na ɗauki dogarai ranar hawan Sallah, da kala ya yi kyau matuƙa, da na mayar sai rigar ta zama toka guda, ina ja da koren suka shiga?

Yawwa, nan ne gizo ke saƙa, kuma in ka gane wannan ka gane harkar gaba ɗaya. Kowane ɗigo a hoto mai kala haɗin lamba uku ne, ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. In za a mayar da shi toka dole ukun nan su dunƙule su zama lamba ɗaya. Tsohon lissafin da aka gada daga talabijin yana ba kore kusan kashi 59 cikin ɗari, ja kashi 30, shuɗi kashi 11 kacal, saboda idon ɗan Adam ya fi ganin hasken kore. Da wannan lissafin, ja jawur mai 255 zai sauka a 76, kore mai cikakken haske a 150, shuɗi a 29. To amma koren rigar dogari ai mai duhu ne, kore mai ƙarfin 130 in ka lissafa shi ma 76 zai ba ka, daidai da jan. Ka ga kenan abin da idonka ke gani launi biyu masu faɗa da juna, a wajen kwamfuta haskensu ɗaya ne, sai ta shafe su da toka iri ɗaya, ratsin rigar ya ɓace.

Desaturate ɗin Photoshop, wanda ake yi da Shift da Ctrl da U, nasa ma ya fi muni, don shi babbar lamba da ƙarama yake haɗawa ya raba biyu, sai ja zalla da kore zalla da shuɗi zalla har da rawaya duk su taru a toka guda ta tsakiya. Gwada shi da hoton ƙofar fadar Sarkin Zazzau ka gani, duk zanen nan mai launi-launi sai ya kwanta, abin da zai rage sai inuwar da tudun zanen ya yi in rana ta bugo daga gefe. Magani yana tambaya ta gaba.

To ya zan raba su ɗin?

Kai za ka gaya wa kwamfuta wane launi ya yi haske wane ya yi duhu, kar ka bar mata zaɓi. A Photoshop shiga Image, Adjustments, Black & White, abin yana nan tun CS3 ta 2007, don haka ko tsohon da ke kwamfutar shago yana da shi. Za ka ga sanduna shida, kowacce da launinta. A hoton dogari ja Reds dama kaɗan, ja Greens hagu, nan take ratsin zai dawo tar. In kana son sama ta yi duhu gajimare ya fito fari sol a bayan dutsen Kufena, Blues da Cyans za ka ja hagu, amma a hankali, in ka zarce sama za ta yi dabbare-dabbare. A GIMP, wadda kyauta ce, Colors sai Desaturate, akwai zaɓin Luminance wanda ya fi dacewa da yadda ido ke gani, akwai kuma Mono Mixer a GIMP 2.10 mai sanduna uku. A waya Snapseed na da Black & White da tacewar launi a ciki, ka gwada ja, ka gwada kore, ka ga wanda ya fi.

Batun fata kuma, mu baƙaƙe mu kula. Fatarmu ja da rawaya ne suka fi yawa a cikinta, don haka in ka ɗaga Reds fuska na washewa, in ka sauke shi ko ka jingina da shuɗi sai fuska ta yi duhu, duk wani ƙurji da tabo ya fito fili. Ɗaga kaɗan ya isa. Wasu kan ja shi har ƙarshe mutum ya koma kamar ya shafa farar ƙasa, a gida ma ba za a gane shi ba.

Na bi duk matakan amma hoton ya yi lami, kamar an wanke shi da omo. Me ya rage?

Wataƙila tun asali hoton kala ce ke riƙe da shi. Hoton atamfa, hoton tumatir da tattasai a kasuwa, faɗuwar rana a bakin dam, waɗannan in ka cire launi ka cire musu rai. Baƙi da fari haske da inuwa yake ci, da kaushin abu, ganuwar ƙasa wajen Ƙofar Doka da hantsi, tattarar fuskar tsoho, rawani, ƙurar dawaki da rana ta ratsa, dogon benen Senate na ABU da layukansa. Kafin ka wahalar da kanka ka ɗan runtse ido ka kalli hoton, in har kana iya bambance abin da aka ɗauka da bayansa to zai yi.

In hoton lokacin hunturu ne, hazo ne ya cinye shi, babu baƙi na gaske babu fari na gaske, komai na tsakiya. A Photoshop danna Ctrl da L, a GIMP Colors sai Levels, za ka ga wani tudu a tsakiya da fili a gefe biyu, jawo ɗan maɓallin baƙi zuwa gindin tudun ta hagu, na fari zuwa gindinsa ta dama. Wannan kaɗai kan tashi hoto daga barci. A Photos kuwa ƙara Contrast, rage Highlights in farar shadda ta ƙone har aikin wuya ba ya fitowa.

Da na sa shi sai kaina ya yanke, ko in yi faɗi kamar an danne ni. Ya ake yi?

Wannan ba laifin baƙi da fari ba ne, siffa ce ba ta zo ɗaya ba. Danna maɓallin dama a fili, Display settings, ka duba Display resolution. Yawancin laftof ɗin hannu da ke yawo a gari 1366 da 768 ne, masu ɗan dama 1920 da 1080, dukkansu tsarin 16:9, wato a kwance. Ita kuwa waya ta fi ɗaukar 4:3, misali 4000 da 3000, in za a cika sikirin da shi sai an yanke ya koma 4000 da 2250, kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin ya tafi kenan. Gara kai ka yanke da kanka, a Photos zaɓi Crop ka sa 16:9 ka ja zuwa inda kake so, da ka bar Windows ta yanke maka hula.

A Settings, Personalization, Background, akwai zaɓin yadda zai zauna. Fill na cika sikirin ya yanke rara, Fit na nuna duka ya bar fili a gefe, Stretch shi ne mai maida siriri ƙato, ka guje shi. In hoton a tsaye aka ɗauka, zaɓi Fit ka sa launin bayan ya zama baƙi, kuma a nan baƙi da fari ya fi mai kala sa'a, don baƙin gefen sai ya saje kamar da gangan aka yi.

A waya garau yake, a kwamfuta ya yi dishi-dishi, sama kuma ta yi layi-layi. Ina matsalar?

Ta WhatsApp ka turo ko? Shi yana matse hoto ya rage girmansa in ka tura a matsayin hoto, a ƙaramin sikirin waya ba ka lura, sai an baje shi a laftof asiri ke tonuwa. Tura shi a matsayin Document, ko ka yi amfani da kebul. Hoton da aka sauke daga sitatus ɗin wani kuwa, an matse an sake matsewa, haƙuri kawai.

Na biyu, ita kanta Windows in ka ba ta JPEG tana sake matse shi zuwa inganci 85 cikin ɗari kafin ta shimfiɗa, kuma a toka mai sulɓi kamar sama nan ne layin ke fitowa. Hanya mai sauƙi, ajiye hoton a PNG ka sa shi. Akwai ta Registry, wato rumbun saitunan cikin Windows, inda ake ƙirƙirar JPEGImportQuality a ba shi 100, amma in ba ka saba shiga wurin ba ka bar shi, kar garin neman gira a rasa ido.

Sunayen fayilolina ba sa karantuwa a kan hoton.

Windows da farin rubutu mai 'yar inuwa take rubuta su, kuma a hagu take jera su. Don haka nemi hoton da hagunsa ke da duhu kuma babu tarkace, mutum ko ginin ya kasance a dama. Wajen yanka da na yi bayani a sama za ka iya tura shi can. In ya ƙi, rage Brightness kaɗan ko ka sa Vignette gefuna su yi duhu. Amma in fayil tamanin ne zube a fuskar kwamfutarka, ɗan'uwa ba hoto ne matsalarka ba, buɗe folda.

Settings ya ƙi bari in canza, wai sai na yi activate.

Wurin Personalization ne aka kulle, amma maɓallin dama a kan fayil ɗin hoton, Set as desktop background, yana aiki. Abin da ba za ka samu ba shi ne zaɓin Fill da Fit, don haka ka yanka shi daidai girman sikirin tun farko. In kwamfutar ofis ce da masu kula da ita suka kulle, su za ka tambaya. Ƙananan laftof ɗin nan masu Windows 7 Starter kuwa haka aka yi su, ba a canza musu hoto.

Gaskiya ne baƙi da fari na sa caji ya daɗe? Wuta ba ta zama a unguwarmu.

Da dai haka ne da na fi kowa murna. Yawancin laftof sikirin LCD gare su, akwai fitila a baya da ke ci gaba da ci ko baƙi ake nunawa ko fari, hoton kamar labule ne a gabanta. Sai a sikirin OLED ko AMOLED, irin na wasu wayoyi da laftof masu tsada, inda kowane ɗigo ke ba da haskensa, a nan baƙi ƙirin na nufin ɗigon a kashe yake. Ko a can ma duhun ne ke rage ci, ba rashin kala ba, hoto baƙi da fari da farinsa ya yi yawa zai sha batir sosai. Kuma in ka buɗe Word ai ya rufe hoton ma. Rage hasken sikirin, shi ne ke aiki.

Hoton yana ɗan yin ruwan ɗorawa da dare, ko shuɗi-shuɗi, alhali na cire kala.

Duba Night light a Settings, System, Display, in yana kunne shi ke sa komai ya yi ɗorawa. In shuɗi-shuɗi ne kullum, halin sikirin ɗin ne, masu araha da yawa haka farinsu yake, da mai kala ba ka lura, toka ce ke tona shi. Buɗe hoton a wata na'ura ka gwada kafin ka sake taɓa fayil ɗin.

Na yi sebin a kan na asali, zan iya dawo da kalar?

A'a. Ka tuna lissafin dogari, lamba uku sun koma ɗaya, kuma 76 ɗin nan ba ta san ko daga ja ta fito ko daga kore ba. Manhajojin da ke cewa suna dawo da kala canka suke yi, za su iya yi wa fata da sama daidai, amma shaddarka ruwan ƙasa sai ta dawo shuɗiya. In ba ka rufe manhajar ba tukuna gwada Ctrl da Z. In ka rufe, nemi na asali a waya, ko Google Photos, ko wajen wanda ya turo maka, ko mai hoton bikin in bai goge ba.

Ina da tsohon hoton mahaifina na takarda, ya yi ja-ja don tsufa, zai yiwu?

Zai yiwu, kuma irin aikin da na fi jin daɗi kenan. A sikana a sa 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, hoto mai inci 6 da 4 zai ba ka ɗigo 3600 da 2400, ya ishi kowane laftof har da rarar yanka. A ɗauke shi da kala tukuna ko da baƙi da fari ne, saboda tabon tsufa rawaya ne ko ja, in kana da kalar sai ka ɗaga Yellows da Reds a sandunan da na faɗa a sama tabon ya dushe, in kuwa da toka aka ɗauka tabon ya zauna kenan. In da waya za ka ɗauka, cire shi daga gilashi, a inuwa kusa da taga, ba filasha.

Dattijon nan na Tudun Wada haka muka yi da nasa, hoton sutudiyo ne, mahaifin na zaune da babbar riga ya ɗora hannu a gwiwa, gefe ɗaya ruwa ya taɓa taɓawa. Da muka gama na sa masa a laftof ɗin jikansa, ya matso da fuska dab da sikirin ya daɗe bai ce komai ba, can sai ya nuna agogon hannun ya ce wannan agogon yana nan a akwatinsa har yau.

Hotuna sun kai hamsin, ina so su riƙa canzawa da kansu, sai na bi su ɗaya-ɗaya?

Sauke IrfanView, 'yar ƙaramar manhaja ce kyauta ga mai amfanin kansa, tun 1996 take. Hoto ɗaya Ctrl da G ne. In da yawa ne danna B, zaɓi hotunan, shiga Advanced ka sa alama a Convert to grayscale, ka nuna masa wata sabuwar folda daban da zai zuba, kar ya hau kan na asali. Sannan Settings, Personalization, Background, zaɓi Slideshow ka nuna foldar, ka sa ya riƙa juyawa duk minti 30 ko sau ɗaya a rana. Sai dai lissafi ɗaya zai yi wa duka hamsin ɗin, don haka ka bi su da ido bayan ya gama, irin na dogarai da na hazo ka ware su ka yi musu da hannu. Kuma kafin ka haɗa laftof da majigi a aji ko wajen taro, ka tuna me ke cikin foldar nan.